Hancin da Ya Saba da Wari

Ƙarfe shida na safe Hancin Ruwa ya shaƙi ruwan kogi, ya kunna koriyar fitila, famfunan Sabuwar Ringim suka buɗe. A shekarar 2094, mutum miliyan huɗu ke shan abin da na'urar nan ta ce a sha.

Dakta Rakiya Ɗanladi ce ta ƙera ta, kuma ba ta gajiya da faɗa. Daga jikin ƙwayoyin bakteriya ta ciro wasu furotin masu sansana, ta jera su kamar saƙar zuma. Kowanne da kai mai cafke sinadari, da jela mai aika saƙo ciki. Aibinsu ɗaya: in wari ya daɗe sai su saba, su yi gum. Shi ya sa duk Juma'a ake wanke su da tataccen ruwa don su manta.

Ranar nan Dakta Rakiya ta faɗo tashar na'urar a firgice. 'Yarta Ummita na kwance a asibiti, ƙoda ta kumbura, likitoci sun ce gubar da masu jimar fata ke zubarwa a kogi ce a jininta. A bayan sito ta tarar da jarkokin tataccen ruwa jibge, ko ɗaya ba a fasa ba.

Ta ƙwala wa mai wankin kira. Baba Gambo tsohon mahaƙin rijiya ne, shi da harshe yake sanin ruwa, ba ruwansa da takarda.

"Baba, da me kake wanke na'urar?"

"Da na famfo mana, 'yata. Na ɗanɗana na jarkar nan, wallahi lami ne, mataccen ruwa, ko akuya ba a ba ta shi. Kin ce daga jikin halitta aka ciro furotin ɗin nan, sai na tausaya musu."

"Innalillahi! Na famfo?"

"To ba ita ta ce mai kyau ne ba?"

Nan take Rakiya ta gane. Wato duk mako guba kaɗan na wucewa, ya wanke furotin ɗin da ita, su kuma su ɗauka haka ruwa yake. Tsohon ɗakin gwajin da zai gano, ita da kanta ta sa aka rufe, wai ɓata lokaci ne.

"Tun yaushe?"

"Tun azumin bara waccan."

Ta zame ta zauna a ƙasa daɓas, tsoro ya cika ta.

"Baba," ta ce da ƙyar, "a watan nan na yaye Ummita. Da hannuna nake dama mata koko da ruwan famfon nan."