Masu Gadin Lambun Iya

A can wani zamani, a wani ƙauye na bakin fadama, an yi wata tsohuwa mai lambun gauta. Tsakanin kunya da kunya takan shuka ɗaɗɗoya, ganyen nan mai ƙamshi. Kullum ɗanta Tanimu sai ya ce, "Iya, ganyen nan ba ya cika kwando." Ita kuwa sai ta ce, "Bar su, ɗana, su ne masu gadi."

Da tsohuwa ta rasu, Tanimu ya tuge masu gadi kaf, ya dasa gauta a gurbinsu. Ya ce, "Bana kwando zai cika."

Gauta ta yi fure. Sai ga ƙwari, sai ga tsutsa, babu ƙamshin da zai kore su. Suka ci ganye, suka ci fure, suka bar masa kara.

Tanimu ya bi gida-gida yana neman irin ɗaɗɗoya. Kowa ya ce, "Ai wurin Iyarka muke karɓa."

Ya koma lambu, ya tsinci wani busasshen reshen ɗaɗɗoya, ya murje shi a tafinsa. Sai ya ji ƙamshin hannun Iya. Ya zauna kusa da kwandonsa wayam, ya daɗe bai tashi ba.