Jinin da Allon Ya Nuna

Ranar da Kauthar ta fara ganin Lukmanu, gardama yake yi. Ta shigo ɗakin mitin na ofishinsu da ke Utako ta same shi tsaye, rigarsa ta jiƙe sharkaf da ruwan da ya dake shi daga tasha, yana bayani da hannu bibbiyu kamar mai rabon faɗa. Ba kyakkyawa ba ne na a zo a gani, gaskiya ɗaya ce. Amma da ya juyo suka haɗa ido sai maganar ta maƙale masa, ita kuma ta tsaya neman wurin zama alhali ga kujeru nan birjik.

Ofishin na wata ƙaramar ƙungiya ne da ke haɗa ƙananan asibitocin Abuja saboda jini. Idan mai haihuwa tana zubar da jini kuma babu irin nata a inda take, sai nas ta duba allon kwamfuta ta ga asibitin da yake da shi, a tura mota. Tsohon tsarin ya gaji, aka ɗora wa Kauthar, shugabar sashen bayanai, ta zaɓi sabo. Mutum biyu ne suka kawo tayi.

Na Lukmanu shi ne rumbun bayanan da ake kira NoSQL, wanda ake rarrabawa a na'urori da yawa. Da zarar an ciri ledar jini daga firij, nan take kowane asibiti zai gani, in na'ura ɗaya ta mutu kuma sauran su ci gaba da aiki. Ba shi da ado ko kaɗan.

Na biyun Manniru ne, ɗan aminin mahaifinta, mai ƙamshin turare da lafazi mai laushi. Shi dandalin nazarin bayanai ya kawo, irin wanda ke zaune a manyan na'urorin wani kamfanin waje, abin da ake ce wa gajimare. Yana fitar da taswira da rahoto masu launi, irin waɗanda masu ba da tallafi ke gani su gyaɗa kai. Sai dai yadda za a ɗora shi, da yamma kawai yake kwaso lissafin asibitoci. Abin da allo zai nuna da rana, lissafin jiya ne. Manniru bai ɓoye wannan ba, ya ce dai za a lallaɓa, daga baya a gyara.

Tun a zaman farko Kauthar ta san wanda ya dace da aikin. Karatunta ne, ba ta bukatar a faɗa mata.

Da yamma saƙo ya shigo wayarta.

"Malama Alƙaliya, na ga kin harare ni a mitin. Da fatan ba za a sa hararar a cikin maki ba."

Ta daɗe tana murmushi kafin ta amsa.

"Ba harara ba ce, Sarkin Gardama. Rigarka ce take ɗiga a kan kafet ɗinmu."

Daga nan abin ya kama. Tantancewar ta ja watanni kamar yadda komai ke ja a Abuja, soyayyar kuwa ba ta jira kowa ba. Yakan zo da balangu a takarda lokacin hutun rana, su zauna ƙarƙashin bishiyar da ke bayan ofis. Ya ba ta labarin Durumi inda ya tashi, da shagon waldan mahaifinsa, da yadda ya koyi kwamfuta a wata tsohuwa mai fasasshen allo. Sun yi alkawarin ba za su taɓa maganar kwangila ba, kuma sun cika. Wata rana ya ce da ita, a hankali, yana kallon ƙasa:

"Alƙaliyata, ni ban iya zagaye-zagaye ba. Ina so in turo magabatana."

Ta ce, "To wa ya riƙe ka?"

Ta so ta je wurin ogansu ta ce a cire ta daga zaɓen. Hakan ne daidai, ta sani. Amma yin haka shelar soyayya ce tun kafin mahaifinta ya ji, sai ta ce bari ta fara da gida.

Alhaji Mato tsohon babban sakatare ne, ya yi ritaya a gidansa na Maitama. Ba mugun uba ba ne. Shekarun da ya yi yana kallon 'yan kwangila suna durƙuso har ƙasa ne suka sa ya daina yarda da murmushin kowa. Ya saurare ta tsaf, ya tambayi sana'ar yaron da inda suka haɗu, sannan ya ajiye kofin shayinsa.

"Mamana, yaron nan kwangila yake nema, ba aure ba. Na ga irinsu da yawa. Ranar da kika sa hannu, ranar zai fara mantuwa da lambarki."

Ta yi rantsuwa, ta yi kuka, ya ce ba zai yi mata dole ba, amma ba zai karɓi magabatan wanda ke da takarda a teburinta ba. Ya kuma ƙara da cewa ga Manniru nan, an san gidansu.

Abin da Kauthar ta yi bayan haka, wauta ce irin ta masu ilimi. Ta zauna ta ƙulla wa kanta dabara: in ta hana Lukmanu aikin kuma ya ci gaba da sonta, bakin Abba ya mutu ke nan. Ta lallashi zuciyarta da cewa jinkirin yini guda ba wani abu ba ne, ai za a gyara. Ta sa hannu a kan na Manniru. Ba ta shawarci kowa ba, har shi wanda ta yi domin shi.

Lukmanu ya zo ofis washegari. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi mata sauƙi. Ya tambaye ta ko akwai wani aibi da ta gano a nasa, ya gyara. Ta ce babu. Ta yi masa bayanin dabararta tana jiran ya yi dariya ya ce ta yi basira.

Ya ce, "Kauthar, jini ne fa. Da kin ba wani mai irin nawa, wallahi da ko a jikina. Amma kin san abin da allon nan zai riƙa nunawa."

Ranar ce ta farko da ya kira ta da sunanta. Ya fita, saƙonninsa suka ɗauke. Ta tura masa:

"Sarkin Gardama, shirun ya isa haka. Don mu na yi."

Amsarsa ta zo a gajarce.

"Ina son ki kamar jiya. Na kasa kallonki ne ban tuna ba. Ki sa nas-nas su riƙa buga waya kafin a tura mota, don Allah."

Ita kuwa zuciya ta ɗebe ta. Ta ce ashe Abba ya yi gaskiya, kwangila ta kuɓuce, ga soyayya ta bi ta. Shawarar buga wayar ta ambata sau ɗaya a mitin, aka ce ai amfanin sabon tsarin ke nan a huta da kiraye-kiraye, ta bar maganar. Masu tallafi suka zo suka ga taswira, suka yaba. Manniru ya fara zuwa gaisuwa Maitama, tana fitowa ta zauna kamar an dasa ta.

Direban ƙungiyar wani bawan Allah ne mai suna Enoch, mutumin Filato, maƙwabcin su Lukmanu a Durumi. Shi ke kai jini duk inda aka nema. Matarsa Perpetual, mai tsohon ciki, ta sha aiko wa Kauthar da gwaten acca, tana tsokanarta da cewa sai ta yi rawa a bikinta ko da cikin nan ne.

Wata Talata da hantsi Perpetual ta haihu a wani ƙaramin asibiti a unguwarsu, jini ya ɓalle. Irin jininta mai wuyar samu ne. Nas ta duba allo, ya nuna akwai shi a wani asibiti can bayan Utako. Enoch ya figi mota da kansa, ya kutsa cikin cunkoso yana roƙon mutane ta taga. Da ya isa aka ce masa ai tun da safe aka ƙara wa wani mai haɗari.

Daga nan ya kira Lukmanu yana kuka. Lukmanu ya bi asibitoci da waya ɗaya bayan ɗaya har ya samo, a wani wuri da bai kai rabin nisan na farko ba, wanda aka kai musu jinin da safe allon bai sani ba. Ya karɓo ya taho da shi a ƙirjinsa. Ya tarar an riga an rufe mata fuska. Jaririyar ta rayu.

Kauthar tana zaune a ofis labarin ya same ta. Ta kalli allon, har lokacin yana nan da koren launinsa yana cewa akwai jini. Baƙin cikin da ta shiga ba ya faɗuwa, don ba ta da wanda za ta ɗora wa. Manniru ya faɗi gaskiyar kayansa tun farko. Ita ce ta sani, ta sa hannu.

Ta koma gida ta sami mahaifinta a falo, ta durƙusa ta faɗa masa komai.

"Abba, na so in nuna maka ba kwangila yake so ba. Na nuna maka. Ga abin da ya ci."

Alhaji Mato ya tashi ya ɗauki hularsa ya ce ta kai shi gidan rasuwar.

Motarsu ba ta shiga lungun ba, da ƙafa suka ƙarasa. An kafa rumfa, matan coci suna waƙa a hankali. Lukmanu yana ta jera kujeru, idanunsa sun yi ja. Da ya ga Alhaji ya zo ya durƙusa ya gaishe shi, ya kawo masa kujera, bai ce komai game da kansa ba. Wata tsohuwa ce ta ba Alhaji labarin yadda Lukmanu ya yi ta yawon neman jinin.

Kauthar ta je gaban Enoch ta faɗa masa cewa ita ta zaɓi tsarin, kuma ta san yana da jinkiri. Ya daɗe yana kallonta.

"Madam, kin sani?"

"Na sani."

Ya kawar da kai. Bai zage ta ba, bai kuma ce ya yafe ba.

A bakin lungu Lukmanu ya cim mata. Ta ce ya rabu da ita, ba ta cancanci kowa ba. Ya ce shi ma yana da nasa kason, ya kamata ya je wurin oganta ya yi ta gardama kamar yadda ya saba, amma sai ya tsaya fushi.

"Alƙaliyata, kukan nan ba zai dawo da ita ba. Akwai wata mai ciki yanzu haka da allon nan zai yi wa ƙarya. Zo mu gyara."

Ta je gaban shugabannin ƙungiyar ta faɗi abin da ta yi, ta sauka daga kujerarta, ta roƙi a bar ta ta yi aikin a matsayin ƙaramar ma'aikaciya. Wani kwamiti ne ya sake zaɓen, ba ita ba. Aka ɗora lissafin jini a kan rumbun Lukmanu, aka bar dandalin Manniru yana rahoton wata-wata, aikin da aka yi shi dominsa. Manniru ya taimaka wajen haɗa su, ya kuma daina zuwa Maitama ba tare da an ce masa komai ba.

Duk tsawon watannin nan Enoch ya koma aiki, amma ba ya yi mata magana. In sun haɗu a ƙofa sai ya matsa ta wuce. Ba ta taɓa ganin laifinsa ba.

Alhaji Mato da kansa ya aika a ce wa magabatan Lukmanu su zo. Ya ce da 'yarsa ya yi wa yaron mummunan zato, kuma zaton nasa ne ya tura ta, Allah ya yafe musu baki ɗaya. Kauthar ta roƙi kada a yi kiɗa ko dina. Aka ɗaura aure ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, aka yi walima a tsakar gida. Da la'asar saƙon Lukmanu ya shigo.

"Matata. Na rubuta na goge, na sake rubutawa, don in ga yadda yake. Allah ya bar mu tare."

Da aka fito da amarya, sai ta ga ba direban gidansu ba ne a motar. Enoch ne, cikin tsohuwar kwat ɗinsa ta zuwa coci. Ƙanwarsa tana zaune a gaba riƙe da jaririyar, wadda suka sa wa suna Kindness. Ya buɗe mata ƙofa bai dube ta ba. Sai da suka hau titi sosai ya yi magana.

"Perpetual ya ce zai yi rawa a bikinki. To ba ya nan. Shi ya sa na kawo yarinyansa."

Ƙanwar ta juyo ta miƙa mata jaririyar. Kauthar ta karɓe ta, hawaye na zuba a kan lallenta.

Ya ce, "Madam, zuciyana bai gama sanyi ba, ba zan yi miki ƙarya ba. Amma jiya na kai jini, na same shi a inda allo ya ce. Matan ya rayu. Allah ya ba ku zaman lafiya, ya ba ku yara. In kin zo haihuwa, Allah ya sa a samu jini."

Matan da ke gefenta suka ce amin. Kauthar ta ƙara rungume yarinyar. Da suka iso, a ƙofar gida Lukmanu na tsaye cikin farar shadda yana jiran su.