Dafaffen Iri

Da ribas ya shigo rayuwarta. Ranar da ya fara kawo ruwa lambun rainon shuke-shuken babanta, tankarsa ta ja da baya ta bi ta kan farantai goma sha biyu na furen daji da ta shuka, ta murƙushe su. Damina biyu ta yi tana hawa tsauni tana tsinto irin, ƙwaya-ƙwaya.

Ya sauko, ya ga kyakkyawar fuska a murtuke, sai bakinsa ya kwafsa. "Yi haƙuri, ai ciyawa ce kawai."

"Ciyawa ko?" ta ce a hankali. A ranta kuwa ta rantse sai ya ɗanɗana kuɗarsa.

Da yamma saƙonsa ya shigo, a jikin allon ƙofa ya samu lambarta: "Gimbiyar fure, bakina ya fi tayar motata laifi. Me zan yi ki huce?"

Ta amsa: "Malam Ribas, zo gobe. Ranar da irin da zan ba ka ya tsiro, na yafe."

Sai da ta tafasa irin a tukunya ya mutu murus, ta shanya shi, sannan ta miƙa masa da murmushi.

Sati shida yana zuwa kullum kafin ya fita aiki. Ya tankaɗe yashi ya haɗa da taki, ya binne ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya, ya durƙusa yana yayyafa musu ruwa. Ita tana inuwa, ƙafa ɗaya kan ɗaya.

"Ƙara ruwa, Ribas. Ko shukar taka ma da baya take tafiya?"

"In dai kina kallona, Gimbiya, ta shekara ma."

Ta harare shi. Sai dai kwanakin nan kunnenta na riga na kowa jin ƙarar tankar.

Wata safiya babanta ya tono ƙwaya ɗaya, ya murza ta a yatsa. "Ɗana, wannan ai dafaffe ne. Wa ya ba ka?"

Ribas ya dube ta, ta sunkuyar da kai. Ya ajiye butar ban-ruwa ya fice.

Kwana goma ba shi ba labarinsa, wani direban ke kawo ruwa. Ta rubuta masa: "Na rama, amma abinci ya ƙi ciyuwa. Ka dawo."

Rana ta goma sha ɗaya sai ga shi, ƙaya duk ta yayyage masa hannu, riƙe da ambulan cike da irin da ya tsinto a tsaunin.

"Wannan ɗanye ne. Ke za ki shuka, ni kuma inuwa." Ya ja kujerarta ya zauna. "Ƙara ruwa, Gimbiya."

Ta ƙara, tana dariya hawaye na zuba. Kwana tara suka tsiro.

Da ya turo manyansa, babanta ya ce atafau. "Wannan ta rama, wancan ya rama, gida za su gina ko filin dambe?"

Mamanta ta ce, "Malam, wanda ya jure wa 'yarka sati shida, ina za ka samo na biyunsa? Kai kwana nawa kake iya jure mata?"

Baba ya fashe da dariya, ya amince.

Ranar ɗaurin aure ya dafa kawunansu. "Allah ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari. In kun yi faɗa, kada rana ta faɗi ba ku shirya ba."

Suka haɗa baki, "Amin, Baba."