Littafin da Aka Rubuta wa Yuan Ɗari Uku

Ƙarfe goma na safe Hajiya Rekiya ta shigo ofishin 'yan sanda na Sanyuanli, ta doka wata ambulan a kan kantar ofishin har biro ya faɗi ƙasa.

"Wa ke jin Turanci a nan? An yi min sata!"

"Ki yi Hausa, Hajiya," in ji Sufeto Liang daga teburinsa. A Kano aka haife shi, lokacin mahaifinsa na aiki a wata masana'antar takalma a Sharaɗa, don haka duk rigimar 'yan kasuwar Arewa shi ake tura wa.

Ba ta tsaya mamaki ba. Ta ce jakunkuna take saye a Shiling, shekara goma sha biyar ke nan. Mahaifinta ya yi karatu a Amurka, ya dawo da wani littafin komik, irin mai labari cikin zane-zane. 'Yarta ta gano cewa masu tara irinsa na sayensa da kuɗin gida. Amma sai an aika wa wani kamfani a Hong Kong ya duba lafiyarsa, ya ba shi maki, ya rufe shi a roba mai ƙarfi. Ta ba Ma'azu mai kago, wanda ke tura mata kaya gida, ya aika. Jiya ya ce ya ɓata a hanya.

"Wannan ambulan fa?"

"Diyyata ce wai. Yuan ɗari uku! Littafin babana!"

Liang ya karɓi kwafin fom ɗin kamfanin. A gurbin ƙimar kaya an rubuta ɗari uku.

"Rubutun wa ne wannan?"

"Nawa ne."

"Kin san abin da zai kai?"

"Ya fi dubu ɗari da hamsin."

"To me ya sa kika rubuta ɗari uku?"

Ta kalle shi kamar ya tambaye ta sunanta. "Yallaɓai, wa ke rubuta gaskiyar kuɗin kaya a takarda? Kwantena nawa na fitar daga garin nan? Ka rubuta da yawa su caje ka da yawa."

Liang ya ajiye fom ɗin da ƙarfi. "Wannan ba kwantenar jakunkuna ba ce! Da adadin nan suke yanke kuɗin aikinsu, haka ne. Amma da shi ake biyan ki in ya ɓata. Kin sa hannu cewa kayan babanki bai fi kuɗin tasi zuwa Shiling ba. Ko na kama ɓarawo, a kan ɗari uku kwana nawa zai yi a hannuna?"



Ofishin Ma'azu na hawa na uku a wani bene kusa da kasuwar Canaan, buhunan atamfa da jins sun cushe shi har ƙofa. Ya tarbi Liang da fara'a.

"Laoban, maigida! Sannu da zuwa. Ai na gaya wa Hajiya, masu kai saƙo ne suka ɓatar. Na yi ta kira, meiyo, meiyo, babu. Ni ma na ji haushi. Amma dai littafin yara ne."

"Ba ni lambar saƙon."

Ma'azu ya yi ta laluben aljihun tebur. Ya ce rasit ɗin ya jiƙe an zubar.

Ofishin masu kai saƙon na ƙasan benen. Matar da ke aiki a wurin ta duba kwamfuta, ta girgiza kai. Babu wani saƙo da sunan Rekiya. Amma ranar Alhamis an aika wani ƙaramin ƙunshi zuwa wannan adireshin na Hong Kong, da sunan wani Illa, an kuma biya masa inshora mafi tsada.

Illa ɗan Maraɗi ne, rigunan ƙwallo yake sarowa. Liang ya same shi yana ɗinke bakin buhu.

"Wallahi ban san wani komik ba."

"Fasfo ɗinka ne a takardar. Saura wata nawa bizarka?"

Illa ya saki allurar. "Ma'azu ya ari sunana. Ya ce nasa na da matsala. Ko ƙunshin ban taɓa ba."

Liang ya kira kamfanin na Hong Kong. Littafin na hannunsu, ba a rufe shi ba tukuna. Suka turo masa hoton fom, suka ƙara da hoton cikin bangon baya, inda suka ce akwai wani rubutun biro da ya rage masa maki.

Da la'asar ya haɗa Hajiya da Ma'azu a ofishin kagon. Ya fara da Hajiya.

"Akwai wata alama a littafinki?"

"Cikin bangon baya, da ajami. 'Na Rekiya ne in ta iya karatu.'"

Liang ya miƙa wa Ma'azu wayar. "Ni ban iya ajami ba. Kai ka yi makarantar allo. Karanta mana."

Ma'azu ya dubi hoton, ya kawar da kai.

"Karanta, maci amana!" Hajiya ta daka masa tsawa. "Shekara nawa ina ba ka kayana? Da matarka ta haihu, wa ya kai mata turamen zani har Fagge?"

"Ke kika ce ɗari uku!" Ma'azu ya miƙe yana nuna ta. "Da hannunki kika rubuta! Na ga sunan kamfanin, na duba a waya, na ga kuɗin. Na ce tunda a wajenta ɗari uku ne, in ba ta ɗari ukunta. Na ɗauka, ban musa ba. Ku hukunta ni a kan abin da mai kaya ta faɗa."

"Da haka za a yi," in ji Liang, "da ba ka cike naka fom ɗin ba." Ya nuna masa hoton fom ɗin. "Dubu ɗari da tamanin. Sunan Illa ne, amma lambar wayarka ce, kuma daga asusunka aka biya. Ka ji tsoron kar ya ɓata maka a hanya. Alƙali naka zai duba."

Ma'azu ya koma ya zauna a kan buhu. Wani ɗan sanda da Liang ya zo da shi ya ɗago Ma'azu, ya sa masa ankwa. 'Yan kasuwa sun cika matakala, suka dare aka wuce da shi.

"Littafin zai zauna a hannun hukuma har a gama shari'a," Liang ya gaya wa Hajiya. "Kuma kamfanin ya ce rubutun nan ya kusa cinye rabin kuɗinsa. Wai akwai masu iya goge shi."

Ta ɗauki jakarta ta rataya.

"Ka gaya musu duk wanda ya taɓa rubutun nan, da ni zai yi."