Ƙafar Farko a Gidajen Yuguda

Wanda ya fara cike fadamar bakin kogin Lamurde ya aza gini a kai, Yuguda dillalin filaye ne, shekaru goma sha biyu da suka wuce. Kafin shi, tun zamanin kakanni, babu mai dasa komai a wurin sai albasa da alayyafo, domin magabata sun san abin da kogi ya bari da rani zai dawo ya karɓa da damina.

Yuguda kuwa ya ga gari na bunƙasa, ma'aikata na kwararowa suna neman haya. Sau biyu yana aza harsashi ruwa na cinyewa. A na uku sai ya kama hanyar garin Mutum Biyu, wurin wani boka.

Da rana tsaka ya isa, amma cikin bukkar duhu ne. Ƙoƙon kan kada na rataye bisa ƙofa. A tsakiya akwai baƙar tukunya cike da ruwa, ruwan na motsi ba tare da an taɓa shi ba, ƙarnin jini ya cika wurin. Bokan bai tambayi sunansa ba.

"Kogi zai ba ka ƙasa," in ji shi. "Amma duk gidan da ka gina, ƙafar da ta fara tsallake ƙofarsa ranar da aka ɗaura ta, ta kogi ce."

Yuguda ya tambaya ko rago zai wadatar.

"Mai ƙafa biyu."

"Ko baƙo ne?"

"Kogi bai san dangi ba. Kai ne ka san su."

Yuguda ya tsoma hannu cikin tukunyar, alamar ya yarda.

Daga wannan shekara ambaliya ta riƙa kewaye filinsa tana cin na maƙwabta. Gidaje suka tashi, shaguna suka buɗe, masu shayi da masu gasa kifi suka cika layin. Dabararsa ɗaya ce: kafinta ya ɗaura ƙofa daga waje, ya kulle, shi kuma ya miƙa wa ɗan haya makulli da murmushi. Cikin 'yan hayar, wani malamin makaranta ya mutu yana aman ruwa. Wata ma'aikaciyar jinya ta zauce, kullum tana gaɓar kogi tana amsa kiran da babu mai ji. Unguwa ta yi ta raɗa, haya kuwa ba ta yanke ba.

Iyalinsa ya hana su zuwa wurin gini, suka hanu. Saura mahaifiyarsa, Dada Fanta. Shi ɗan fari ne, ita kuma Bafillatana ce ta asali: ba ta kiran sunansa, ba ta haɗa ido da shi, magana tsakaninsu sai ta bakin wani. Da gida na bakwai, wanda bene ne, ya kusa kammaluwa, ya aiki matarsa Bara'atu ta hana tsohuwar zuwa. Ina suruka za ta iya furta hani? Sai ta ce, wai ya ce kada Dada ta wahalar da kanta. Tsohuwa ta ɗauka kara ce irin ta ɗa mai ladabi. Ta kuma san al'ada: babban gida, uwa ke fara sa masa albarka.

Da hantsi ta isa ɗauke da ƙwaryar nono, daidai lokacin da kafinta ya buga ƙusa ta ƙarshe. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya buɗe mata. Wa zai kulle ƙofa a fuskar uwar mai gida?

Da Yuguda ya zo karɓar makulli, takalmanta ya tarar a bakin ƙofa, muryarta na tashi daga ciki tana roƙa wa "wannan yaron" tsawon rai.

Ya koma Mutum Biyu a ranar, bai sami ko bukkar ba. Kwana uku Dada Fanta ta yi tana aman ruwa, ta cika. Ranar sadakar bakwai aka kamo shi a cikin kogi, ruwa har wuya, yana roƙo a yi musaya da shi. Hankalinsa bai dawo ba.

Masu haɗama su ji: abin da aka saya da ran ɗan wani, wata rana da ran na gida za a biya. Yuguda ya samu gidaje bakwai, ya ba da rayuka shida da hankali biyu. Damina ta gaba ta kwashe gidaje huɗu, ukun da suka rage babu mai yarda ya tsallake ƙofarsu. Abin da ya riƙe, tabarma ɗaya ce a zauren ƙanensa, da mari a ƙafa.