Ciwon da Inna Ta Hana a Faɗa

Malama tana durƙushe a tsakar ɗaki tana ƙoƙarin sa wa mijinta takalmi, amma ƙafar ta kumbura ta ƙi shiga. Ya janye ta a hankali, ya ce ta bari, silifa ma sun isa. Shekararsu huɗu da aure. Kafinta ne da ke saɓa ƙyauren ƙofa a kafaɗa shi kaɗai, yau ga shi daga gado zuwa bakin ƙofa sai ya dafa bango yana haki.

A asibiti likita ta ɗora masa na'ura a ƙirji, ta nuna musu hoton zuciyar tana motsi a kasalance. Ta ce naman zuciyar ne ya saki, ta buɗe ta yi girma, ba ta iya tura jini yadda ya kamata, shi ya sa ruwa ke taruwa a ƙafa da huhu. Da ta ji cewa mahaifinsa da babban wansa duk yanke jiki suka yi suka faɗi ba su kai shekara hamsin ba, sai ta ajiye biro. Irin wannan yakan bi jini, in ji ta, don haka 'yan'uwansa su zo a duba su tun ciwon bai nuna kansa ba.

Kafinta ya kasa kai wa mahaifiyarsa wannan magana. Malama ce ta ɗauki takardar likita ta tafi. Ta tarar da Inna tana linke kayan Auta, ƙanwarsa, wadda saura wata uku a ɗaura mata aure. Ta gaishe ta, ta yi bayani kanta a sunkuye. Inna ko kallon takardar ba ta yi ba.

"Wato so kike a ce gidanmu gidan ciwo ne, yarinyar nan ta rasa mijin aure? Wanda kwanansa ya ƙare ya tafi, ba gadonsa muka yi ba. Kada in ƙara jin zancen nan a bakinki."

Daga ranar ƙafa ta ɗauke. Facalolinta suka daina kiranta, aka cire ta daga guruf ɗin iyali na waya. In Inna za ta duba ɗanta, sai ta daidaici lokacin da Malama ke makaranta. Abin da ya fi ci mata rai shi ne shirun mijin. Shago a rufe, ga fushin uwa, sai ya wuni a kujerar bakin taga yana kallon masu wucewa. Takan dawo ta dafa masa abinci ba gishiri, ta jera masa ƙwayoyinsa a faranti, ta tokare masa baya da filo uku, sannan ta zauna duba littattafan 'yan ajinta. Ba abin da ake ji a ɗakin sai buɗe shafi da tarinsa.

Wata ranar Asabar da hantsi ya ce mata da ta bari da ba a kai ga haka ba, kuma ko za ta je gida ta huta har ƙura ta lafa. Ta juyo ta ce masa:

"In korata kake yi, faɗa mini. In kuwa tausayina kake ji, to ka sha maganinka, shi ne hutuna."

Ta shige kicin ta buɗe famfo don kada ya ji kukanta.

Ana cikin haka Auta ta same ta a makaranta lokacin hutun tara, ta ja ta bayan aji. Ta ce kwanan nan in ta hau bene sai zuciyarta ta riƙa dukan uku-uku, kuma tsoro ya hana ta faɗa wa kowa. "Anti, don Allah ki raka ni a yi mini hoton zuciyar nan." Suka je washegari. An samu ciwon, amma yana farkonsa, aka ɗora ta a kan magani.

Auta ba ta ɓoye wa saurayinta ba. Danginsa suka ce a ɗaga auren sai sun yi shawara. Inna ta aiko wa ɗanta cewa matarsa ta cim ma burinta. Ranar ce Kafinta ya fara buɗe baki. Ya kira mahaifiyarsa ya ce ya bi ta a komai, amma matarsa ba ta yi laifi ba, shi ne ya yi ragwanta ya bar ta ta ɗauki kayan da yake nasa. Da ya ajiye wayar ya riƙo hannun Malama ya nemi gafararta. Wata biyu ke nan rabon da ya kalle ta ido cikin ido.

Saurayin Auta da kansa ya je wurin likita ya yi tambayoyinsa, ya dawo ya ce wa iyayensa yana nan a kan bakansa. A nan ne Auta ta zaunar da Inna, ta gaya mata abin da likita ta ce: da ta yi aure ta ɗauki ciki ba a sani ba, da wuya zuciyar ta kai ta haihuwa.

Bayan kwana uku, Malama na shirin fita aiki aka ƙwanƙwasa ƙofa. Inna ce, riƙe da hannun 'yan mata biyu, 'ya'yan babban ɗanta marigayi. Ta ƙi zama. Ta gyara mayafi, ta dubi ƙasa, ta ce ita ba ta san hanyar asibitin ba.

"Na binne miji na binne ɗa, tsoro ne ya rufe mini ido, 'yar nan. Ki kai mu a duba su."

Malama ta ajiye jakar makaranta ta ɗauko ta asibiti.

Kafinta bai warke sarai ba, amma kumburin ya saɓe, ya koma shago yana awo da zane, wasu na ɗaga katako. Ɓoye ciwo ba ya kare mutuncin gida, sai dai ya ci mutanen cikinsa ɗaya bayan ɗaya. Wanda kuma ya faɗa maka gaskiya mai ɗaci, ya jure fushinka bai tafi ba, ka riƙe shi da kyau, shi ne mai ƙaunarka.