Darasin Kifewa a Abhur

Makarantu uku Mastura ta zagaya a Abhur, can gaɓar teku, wata ranar Asabar, tana neman inda za ta koyi tuƙin kwalekwale mai shira'i, wato wanda iska ke tura ƙyallensa. Biyun farko sun sha ado, ga sanyin kandishan ga gahawa. A ta biyun ma ta tarar da Nuraddeen, ɗan aminin mahaifinta, wanda ya daɗe yana sonta tana zillewa. Ya bugi ƙirji ya ce jiragen makarantar ba su taɓa kifewa ba.

Ta ukun kuwa rumfa ce kawai da ƙananan jirage shida, sai wani dogon saurayi da rana ta gasa, yana naɗe igiya. Mus'ab sunansa.

"Me kuke fara koya wa sabon shiga?" ta tambaye shi.

"Kifewa," ya ce. "Da hannuna zan kifar da ke, da rigar kariya a jikinki, ina tsaye kusa. Sai kin iya tayar da jirgin ke kaɗai sannan mu yi zancen iska."

"Haka kake korar mutane?"

"Mai gudu gara ya gudu tun yana tudu."

Ta yi dariya ta rubuta sunanta. Amma fa ba darasin kaɗai ta zaɓa ba.

Kafin wata uku saƙonni sun fi darussa yawa.

"Kyaftin ɗina, yau iskar arewa ce mai daɗi. Teku ta tambaye ni ina kike, na ce ni ma jira nake."

"Yalla, malam mai kifar da mutane, ina hanya. Ka rage zaƙin baki."

Sai dai mahaifiyarta Tani kaɗai ta san da zancen makarantar. Mahaifinta, Malam Zaharadden mai shagon yadi a unguwar Sharafiyya, ba ya wasa da teku. Lokacin da babansa ya tsallako teku daga tashar Sawakin jirginsu ya kife, ƙanen baban bai fito ba, kuma da wannan labarin aka raine shi.

Duk wata Mus'ab kan maimaita wa ɗalibansa darasin kifewa. Ranar da aka zo kan Mastura, Nuraddeen ya ɗauki bidiyo daga nesa ya tura wa tsohon, ko kalma bai ƙara ba. Wanda ya rasa tuwo ai shi ke zubar da miya.

"Halas, magana ta ƙare," in ji Malam Zaharadden. "Ba ke ba ruwa, ba ke ba yaron nan. Wanda zai jefa 'yata a teku da gangan shi zan ba aure?"

Mastura ta yi kuka har idanunta suka kumbura, sannan ta rubuta: "Habibi, Abuya ya hana. Ba zan saɓa masa ba, ko da zuciyata za ta fashe."

"Kar ki saɓa masa, Masturata. Gobe zan je shago."

Ya je kuwa, ya durƙusa gaban tsohon a tsakiyar bandiran yadi, ya kira shi Ammi, wato baffa da Larabci. "Ammi, alfarma ɗaya nake roƙo. Ka zo ka gani da idonka sau ɗaya. In bai kwanta maka ba, ba za ka sake ganin ƙafata ba."

Kwana huɗu Tani na lallashi kafin tsohon ya yarda.

Da hantsi suka isa. Mastura ta fita da jirgin, ta karkata shi da kanta, ƙyallen ya kwanta a ruwa, ita ma ta faɗa. Tsohon ya damƙe hannun Mus'ab.

"Shiga ka ɗauko ta mana, ya walad!"

"Ammi, tsalle ɗaya ne tsakanina da ita, kuma idona na kanta. Amma in na ɗauko ta yau, wa zai ɗauko ta ranar da ba na nan?"

Mastura ta zagayo ta kama katakon da ke ƙasan jirgin, ta ɗora masa nauyinta. Jirgin ya miƙe yana zubar da ruwa. Ta haye, ta gyara ɗankwalinta, ta ɗago wa mahaifinta hannu.

Hawaye suka bi gemun Malam Zaharadden.

"Da baffana ya samu wanda ya koya masa wannan," ya ce a hankali, "da na san fuskarsa." Ya juyo ga Mus'ab. "Ka turo manyanka."

Bayan sallar layya aka ɗaura aure a masallacin unguwarsu a Mahjar, aka cika da dangi. Nuraddeen ya aiko da turare, shi dai bai zo ba.

Da za a kai amarya, tsohon ya riƙe hannuwansu biyu a cikin nasa.

"Ban ba ka ita don ka rantse ba za ku taɓa kifewa ba, ɗana. Zaman aure sai da haƙuri, wata rana za ku kife. Na ba ka ita don na ga kun iya tashi. Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zuri'a ɗayyiba."

Mastura ta kwantar da kanta a kafaɗarsa tana kuka, gida ya amsa da amin.